KEKEN TSERE NA KABON ƊAN GWANJO: A DUBA KAFIN A ƊAURE

Makonnin baya wani saurayi da muke unguwa ɗaya a nan birnin Katsina ya shigo gidana da wani abu a kafaɗa, yana ta murmushi. Ya ce, "Malam, ɗaga ka ji." Na miƙa hannu biyu domin na ga siffar keke ce, sai na tarar ashe yatsa biyu ma sun isa. Firam ne, wato gangar jikin keke, ba taya, ba sarƙa, baƙi wuluk, ba shi da nauyi kamar ƙwarya. Ya ce wata bakwai ya yi yana tara kuɗinsa daga aikin ɗinki.

Washegari ya kai shi wurin wani dattijo mai gyaran keke, mutumin kirki wanda ya haura shekara 30 a kan wannan sana'a. Dattijon ya zura sandar sirdi, ya ɗaure da alanki, ya ga sirdin yana ɗan juyawa, sai ya ɗauko guntun bututu ya sa a kan alankin domin ya ƙara ƙarfi, kamar yadda ya saba yi wa Rali. Sai aka ji ƙas! Saurayin ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Dattijon ya ce, "Ɗana, ban taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan kuka ba." Gaskiyarsa kuwa, gama ba ƙarfe ba ne. Bakin bututun sirdin ya tsage misalin tsawon ɗan yatsa.

'Yan'uwa masu karatu, wannan ba muguntar kowa ba ce. Rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Sha'awar keken tsere kuwa sai ƙaruwa take yi a tsakanin samarinmu, musamman tun shekarar 2024 da Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya lashe zango uku a babban tseren Faransa, wato Tour de France, ya kuma tafi da koriyar riga. A wannan shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Nijeriya a wasannin Olimfik na birnin Faris, har ta yi tseren cikin fili da keken da 'yan Jamus suka ara mata. Sabon keke irin wannan ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, shi ya sa ake komawa ga ɗan gwanjo, wanda aka hau a Turai ko Amurka aka ajiye, ya sauka a Kwatano ko Ikko, ya biyo hanya zuwa arewa. Saboda haka ya kamata iyaye, da samari, da masu gyara su san irin abin da ke hannunsu.

MENE NE KABON?

Kekunan da muka tashi muka gani, irin su Rali na kamfanin Raleigh da ke Nottingham a Ingila, wanda har ya taɓa yin masana'anta a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, duka na ƙarfe ne. Ƙarfe yana da haƙuri. In ya lanƙwashe mai gyara ya taka shi ya miƙe, in ya karye a kai wa mai walda. Kafin ma ya karye yakan nuna alama.

Kabon kuwa zare ne, siriri ƙwarai, sai an haɗa wajen guda goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Ana jera zaren kamar tabarma, a jiƙa shi da wani irin danƙo, a shimfiɗa shi hawa-hawa a cikin mazubi, sa'an nan a gasa har ya sandare. Masu bincike a Japan da Ingila ne suka gano hanyar yin zare mai ƙarfi wajen shekarar 1960 zuwa 1963, aka fara amfani da shi a harkar jiragen sama. A shekarar 1986 Greg LeMond ɗan Amurka ya ci tseren Faransa a kan keke mai bututun kabon, daga nan kasuwa ta buɗe. Abin ya kai har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa doka a shekarar 2000 cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8. Firam ɗin kaɗai nauyinsa misalin kilo ɗaya ne, alhali tsohon Rali da kariyarsa yana kusan kilo 20.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin kabon yana bin tsawon zarensa ne. Ku ɗauki misalin karan dawa: ka ja shi ta tsawo, ba ka iya tsinka shi, amma ka matse shi ta gefe, nan da nan ya fashe. Haka firam ɗin kabon yake. Zai ɗauki ƙato ya yi ta gudu shekara da shekaru, amma matsi da duka a wuri ɗaya ne ajalinsa. Ba ya lotsawa, ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. Wani lokaci ma shimfiɗun cikinsa ne ke rabuwa da juna, fenti kuwa yana nan sumul a waje.

KAFIN KA BIYA KUƊI

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kada ka aika kuɗi domin ka ga hoto a waya. Ka je da kanka, ka tafi da tsumma, da tocila, da zare mai tsawo, da tsohon kwabo ko tsabar sefa irin ta Maraɗi.

Da farko ka goge firam ɗin tas, ka fito da shi cikin hasken rana. Ka bi shi gaɓa-gaɓa da tocila, kana haska shi ta gefe. Ka fi tsayawa a ƙarƙashin babban bututu kusa da wuya, inda duwatsu ke bugu, da bututun sama, inda kan keke ke juyowa ya doka in an faɗi, da bakin bututun sirdi, da ƙafar baya ta dama inda sarƙa ke faɗuwa ta ci jiki, da kuma bakunan da tayoyi ke shiga. Ƙarcewar fenti ba matsala ba ce. Amma layin da farce ke maƙalewa a cikinsa, ko wurin da zaren tsumma ke kamawa, abin tsoro ne.

Na biyu, ka ƙwanƙwasa da kwabo a hankali, kamar yadda iyayenmu mata ke gwada tulu a kasuwa. Lafiyayyen wuri yana ba da amo tsaf. Inda ciki ya rabu, sai ka ji sautin ya mutu, kamar tulun da ya tsage. Ka gwada gefen hagu da na dama a wuri iri ɗaya, ka ji ko sun yi daidai. Ka kuma danna da babban yatsa. Duk inda ya yi laushi fiye da maƙwabcinsa, ka bar firam ɗin. Sai dai ku sani wannan gwaji yana kama babbar ɓarna ne, ƙarama tana iya kuɓuce masa.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, ka ce a zare fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba. Ka duba wuyansa, bututun nan da ke shigewa cikin kan firam. In ka ga tsaga, ko wani zobe da ya ci jikinsa ya yi rami kewaye da shi, to fok ɗin ya gama aiki. Ƙafar baya in ta karye mai yiwuwa ka tsaya lafiya, amma wuyan fok in ya karye kana gudu, fuska ce ke fara isa kwalta.

Na huɗu, ka ɗaura zare a bakin tayar baya na hagu, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo da shi bakin dama. Ka auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. In sun bambanta sosai, akwai labari a baya, kuma kabon ba a taka shi a miƙe.

Ka yi hattara da sabon fenti a wuri ɗaya, ko sitika a inda ba a saba liƙa ta ba. Ka juya firam ɗin ka duba lambarsa a ƙarƙashin gindin feda. In an kankare ta, ka tashi, domin ko na sata ne ko na jabu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba. Har ila yau, ka tabbata an haɗa maka da ƙananan kayan da aka yi wa wannan firam shi kaɗai: sandar sirdi in ba mai zagaye ba ce, da maɗaurinta, da ɗan kunnen alminiyom da giyar baya ke rataye a jiki. Waɗannan ba su da girma, amma rashinsu na iya ajiye keke wata da watanni.

KO DAIDAI DA KAI NE?

Firam kamar takalmi yake, araharsa ba ta sa ya shige ka. Akan rubuta girmansa a jiki, kamar 52, 54 ko 56. A ƙiyasi, mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yakan dace da 54, wanda ya kai 180 kuwa ya nemi 56, ko da yake kamfanoni sun ɗan bambanta wajen awo. In kana tsakanin biyu, ɗauki ƙaramin. Ana iya ɗaga sirdi, amma ba a rage firam.

Ka kuma san irin birkin da aka yi shi dominsa. Akwai mai kama bakin wili, akwai mai faifai a tsakiyar taya, kuma kayan ɗaya ba sa hawa ɗayan. Tsofaffin firam da yawa ba sa karɓar tayar da ta wuce milimita 25, alhali hanyoyinmu sun fi son 28. Kowace ka sa, ka bar sarari na milimita 3 zuwa 4 tsakanin taya da firam, in ba haka ba yashi zai riƙa goge kabon kamar samfefa.

ƘA'IDAR ƊAURI

Nan ne saurayinmu ya yi asara. Kusa da yawancin notunan keken kabon za ka ga an rubuta lamba da haruffan Nm, misali 5 Nm. Wannan ita ce iyakar ƙarfin ɗauri. Domin ku gane ƙanƙantarsa, 5 Nm daidai yake da ka rataya nauyin kilo biyar a ƙarshen alanki mai tsawon santimita 10. Aikin yatsu ne, ba na damtse ba. Akwai sifana mai awo da ke yin ƙaras in an kai lambar. Duk wanda ya iya sayen firam ɗin kabon, wajibi ne ya nemi wannan sifana, ko samari uku huɗu su haɗa kuɗi su saya tare.

In sirdi yana zamewa, maganinsa ba ƙarin ƙarfi ba ne. Ka fara tabbatar da kaurin sandar, gama akwai mai milimita 27.2, akwai mai 31.6, da wasunsu. Kada a cusa guntun gwangwani domin cike giɓi kamar yadda muka saba. A goge sandar da cikin bututun su fita daga maiƙo, a shafa wani man musamman mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da aka yi domin kabon, wanda ke hana santsi. Giris na boris ne da zaren noti. Kada kuma a taɓa matse bututun firam a cikin bais. A rataye keken ta sirdi da igiya a reshen bishiya, a yi aiki a tsaye.

HAƊA WUYA DA KAI

A keken ƙarfe ko na alminiyom akan buga wani noti mai haƙora kamar tauraro a cikin wuyan fok. A wuyan kabon wannan haramiyarsa ce, domin haƙoran suna yanka zaren. Abin da ake sawa shi ne toshi mai buɗewa a hankali, wanda ke tallafa wa bututun daga ciki.

Zobban da ake jerawa a ƙarƙashin mariƙin kai kada su wuce santimita uku zuwa huɗu. Kada ka yi gaggawar yanke wuyan. Ka hau makonni tukuna, ka san tsayin da bayanka ke so, gama abin da aka yanke ba ya tsirowa. In za a yanke, a naɗe wurin da salatif, a yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, a jiƙa wurin da ruwa, a rufe hanci, domin ƙurar ba ta shaƙa ba ce. A bar ɗan zobe guda a saman mariƙin, kuma bakin bututun ya gaza saman zoben da milimita 2 zuwa 3, domin murfi ya sami abin dannawa.

Ga yadda ake bi. A sassauta notunan gefen mariƙi. A ɗaure notin murfi kaɗan-kaɗan. A kama birkin gaba, a girgiza keken gaba da baya. In ana jin ƙwas-ƙwas a wuya, a ƙara kaɗan. In kan ya daina juyawa da kansa sa'ad da aka ɗaga gaba aka karkata keken, an wuce, a rage. Sai bayan haka a daidaita kai da taya, a ɗaure notunan gefe, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kai lambarsu. Mai barin wuya yana girgiza, shi ne ke haƙa zoben nan da muka ambata a baya.

GINDIN FEDA DA GIYA

Gindin feda iri biyu ne. Akwai mai zare, wanda a yawancin kekuna gefensa na dama a juye yake ɗauruwa, kamar yadda fedar hagu ma take. A fara murɗawa da hannu. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake nema ba, hanya aka ɓata. Akwai kuma wanda ake turawa ba zare, shi ma yana da awo iri-iri, sai a tafi da firam ɗin ko a auna ramin kafin a saya. Kada a buga shi da guduma. A sami dogon ƙarfe mai zare, da noti biyu, da manyan wosha, a riƙa murɗawa a hankali har boris ɗin ya zauna daidai.

A jikin giyar baya akwai ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L. Su ne ke hana sarƙa wuce iyaka. Na L shi ne mai tsaron rai: in bai daidaita ba, ko kunnen alminiyom ɗin nan ya lanƙwashe, giyar takan faɗa cikin wayoyin taya, ta naɗe, ta fasa ƙafar firam. Ka tsaya a bayan keken ka duba, ya kamata giyar ta sauko a miƙe ƙarƙashin haƙoran da sarƙa ke kai.

TSAYIN SIRDI

Ka tsaya ba takalmi, ka jingina da bango, ka sa littafi tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ka ninka abin da aka samu da 0.883. In an sami santimita 82, amsar ita ce 72.4. Wannan ne nisan da za a bari daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdi. Hanya mai sauƙi kuma ita ce ka hau, ka ɗora diddige a kan feda sa'ad da take can ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin ya kwanta daidai, ba ya kallon sama, ba ya kallon ƙasa. A jikin sandar akwai layin iyaka, kada ya fito waje. In sai ya fito kafin ka sami tsayinka, firam ɗin ya yi maka kaɗan. Sandar alminiyom kuwa a riƙa zare ta bayan 'yan watanni ana gogewa, domin gishirin gumi yakan liƙe ta da kabon har ta ƙi fita.

RANA, ƘURA DA TASHA

Waɗanda suka ƙera waɗannan kekuna ba su san zafin Afrilu na Katsina ba, sa'ad da awo ke haura 40. Kada a bar keken cikin rufaffiyar mota a rana, kada a jingina shi kusa da salansar babur ko janareto, gama zafi mai tsanani yana raunana danƙon. A wanke shi da ruwa da sabulu kawai, ban da fetur, ban da tina. Lokacin hunturu a riƙa goge sarƙa bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan, a share ragowar. Baƙin mai ƙura yake tarawa. Ga mai matsakaicin jiki a kan taya 28, iska 70 zuwa 80 a gejin mai faci ta wadatar, kuma kada a wuce abin da aka rubuta a gefen tayar. A riƙa tafiya da tub na ajiya saboda tsidau.

Tasha kuwa ita ce makabartar kabon. In za ka kai shi Kano ko Daura a motar haya, kada ka bari 'yan lodi su ɗora buhu a kansa ko su ja igiya ta kan bututu. Ka cire tayoyi, ka sa guntun katako tsakanin ƙafafun fok da na baya, ka naɗe shi da kwali. In ta kama ka biya masa kujera, ka biya.

IN YA TSAGE FA?

Ba a yi wa kabon walda, wuta ƙone danƙon take yi. Gam da fila irin ta masu gyaran jikin mota suna rufe ido ne kawai, ba sa mayar da ƙarfi. Gyara na gaskiya shi ne gwani ya kankare wurin, ya shimfiɗa sabon zare hawa-hawa ta fuskar da na asali ya bi, ya matse har ya sandare. Wannan yana yiwuwa a jikin firam. Amma fok, da kan keke, da sandar sirdi, in sun tsage sai dai sabo. Wanda kuma ya lulluɓe tsaga da fenti ya sayar wa wani ba tare da ya faɗa ba, ya sani ran ɗan mutane ya sa a ciniki.

Shi saurayin namu, firam ɗinsa na rataye a bangon shagonsa, yana jiran ya sami gwanin da zai ɗinke bakin bututun. Abokansa sun ce ya ɗaure da waya ya ci gaba da hawa, ya ƙi, kuma ya yi daidai. Dattijon ya mayar masa da kuɗin aiki, ya kuma roƙe shi ya nemo masa irin sifanar nan mai awo, ya ce ba ya so hakan ta sake faruwa a rumfarsa.

Ga wanda nasa ya haɗu lafiya, kada ranar farko ya nufi Charanchi ko Mashi. Ya zaga unguwa tukuna, ya gwada birki, ya saurari kowace ƙara, ya dawo ya sake duba notuna. Bayan kowace faɗuwa, komai ƙanƙantarta, ya maimaita gwajin tocila da kwabo. Ya kuma sa hular kwano ko da nan da Ƙofar Ƙaura zai je. Allah ya kiyaye hanya.